Ga masu aiki biyu a Ireland: ku raba rangwamen harajinku da kanku

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mai farin jini domin mu yi magana da 'yan uwanmu da ke neman halaliyarsu a ƙasar Ireland, musamman masu kula da tsofaffi da marasa lafiya, da ɗalibai, da ma'aikatan rumbunan ajiye kaya, waɗanda tsadar haya ta sa albashin wuri ɗaya ba ya riƙe su, sai sun haɗa da aikin dare ko na ƙarshen mako. Kukan da muke yawan ji shi ne wai aiki na biyu wahalar banza ce, gwamnati ke kwashe rabin kuɗin. Wasu har sun ajiye aikin saboda haka, kuma abin yana damunmu, domin a dokar ƙasar babu wani haraji na daban da aka ɗora wa aiki na biyu. Ana lissafin haraji ne a kan jimillar abin da mutum ya samu daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Disamba, ko daga wuri ɗaya ya fito ko daga wuri uku. Matsalar tana tasowa ne idan mutum bai gaya wa hukumar haraji, wato Revenue, yadda za ta raba masa haƙƙinsa tsakanin ayyukan ba.

Haƙƙin nan iri biyu ne. Za mu yi amfani da alƙaluman 2025 na wanda ba shi da aure, tare da tunatarwa cewa kasafin kuɗin da ake gabatarwa kowane Oktoba yana iya sauya su. Na farko shi ne gejin kashi 20: Yuro 44,000 na farko da mutum ya samu a shekara ana cire musu kashi 20 cikin ɗari, abin da ya haura kuwa kashi 40. Na biyu shi ne rangwame, wanda ake ragewa daga harajin bayan an lissafa shi: Yuro 2,000 na kowane mutum, da wani Yuro 2,000 na ma'aikacin da ake cire wa haraji daga albashi a tsarin PAYE, jimilla 4,000. A lura da kyau, rangwamen ma'aikaci guda ɗaya ne tak. Yin aiki biyu ba ya ninka shi.

Mai biyan albashi ba ya cire haraji da ra'ayinsa. Kafin kowane biya sai ya ɗauko umarni daga Revenue, wanda ake kira RPN, kuma abin da ya gani a ciki shi zai bi. To idan duk geji da duk rangwame suna kan aikin farko, umarnin da zai je wa wurin aiki na biyu babu komai a cikinsa. Daga Yuro na farko sai a cire kashi 40.

Ga misali. Ma'aikaciya tana samun Yuro 30,000 a shekara a gidan kula da tsofaffi, da kuma 9,000 a wani aikin na Asabar da Lahadi. Jimilla 39,000, bai kai geji ba, don haka kashi 20 ya kamata a cire gaba ɗaya: 7,800, a rage 4,000, saura 3,800. Wannan shi ne harajinta na gaskiya. Amma idan ba ta raba ba, aikin farko zai cire 2,000, na biyu ya cire 3,600, jimilla 5,600. Ta biya ƙarin 1,800, wato Yuro 150 kowane wata, alhali akwai gejin 14,000 a aikin farko da ba a taɓa ba. Gyaran shi ne ta mayar da aƙalla 9,000 na geji zuwa aiki na biyu, mu dai shawararmu ta kai shi 10,000 ko 11,000 saboda ƙarin awoyi na lokacin bukukuwa. Rangwamen kuwa ta bar shi inda yake, domin harajin aikin farko, 6,000, ya isa ya cinye 4,000 ɗin duka. A nan ne mutane da yawa ke kuskure: sai su raba rangwame biyu daidai, su bar geji yadda yake, su kuma yi mamakin yadda kashi 40 bai gushe ba.

Wanda ayyukansa biyu duk ƙanana ne, lamarinsa ya fi tsanani. A ce 14,000 a wuri ɗaya, 12,000 a ɗaya wurin. Harajin wuri na farko 2,800 ne kawai, don haka 1,200 na rangwamensa yana zaune ba amfani, can kuma ana cire masa 4,800. Abin da doka ke binsa a shekarar gaba ɗaya 1,200 ne. Wato mai ƙaramin ƙarfi ya bar 3,600 a hannun hukuma har shekara ta ƙare. Shi dole ya mayar da abu biyu: geji na aƙalla 12,000, da rangwame na 1,200.

Idan kuma jimillar ta haura 44,000, gara mutum ya san gaskiya tun da wuri. Mai samun 38,000 da 12,000 yana da 50,000, kuma 6,000 daga ciki sai an cire masa kashi 40 ko ta wace hanya aka raba. Rabon kawai zai nuna daga wane albashi za a cire. Ma'auratan da ake lissafa musu haraji tare gejinsu ya fi faɗi: 53,000 idan mutum ɗaya ke aiki, da ƙarin da bai wuce 35,000 ba idan ɗayan ma yana samu, amma wannan ƙarin da rangwamen ma'aikaci ba a miƙa wa miji ko mata.

Akwai cirewa ta biyu da ake mantawa da ita, wato USC, wani haraji na daban da ake cirewa daga abin da mutum ya samu. A 2025 rabin kashi ɗaya ne a kan 12,012 na farko, kashi 2 har zuwa 27,382, kashi 3 har zuwa 70,044, sai kashi 8 a sama da haka. Ita ma matakanta ana raba su tsakanin ayyuka, kuma idan ba a raba ba aiki na biyu yana iya faɗawa kan kashi 8. Ma'aikaciyar misalinmu ta farko kashi 3 ya kamata ta biya a kan 9,000 ɗin, wato 270, amma za a cire mata 720. Sannan ga wani tarko da ke jawo bashi: wanda jimillar samunsa na shekara bai wuce 13,000 ba an yafe masa USC. Ɗalibin da aka rubuta wa wannan yafiya a aikin farko, ya ƙara aiki na biyu har jimilla ta haura 13,000, to USC ta hau kan kuɗin duka tun daga farko. Idan bai sanar ba, a ƙarshen shekara zai ga ana binsa. PRSI, wato gudummawar inshorar jin daɗin jama'a da ake cirewa daga albashi, ita ba a raba ta. Kowane wurin aiki yana lissafa nasa mako-mako, kuma inda albashin mako bai wuce Yuro 352 ba, ba a cire wa ma'aikaci komai.

Yadda ake yin rabon ba wuya. A shiga myAccount, wato asusun mutum a shafin intanet na Revenue, da lambar PPS, wato lambar shaidar mutum a harkokin haraji, a je sashen PAYE, a buɗe wurin sarrafa harajin shekarar da ake ciki. Da farko a tabbata ayyukan biyu sun bayyana. Aikin farko da mutum ya taɓa yi a ƙasar shi da kansa ke yi masa rajista, na baya kuwa mai aikin ne ke yi, don haka a ba shi lambar PPS tun ranar farko. Wanda bai bayar ba za a sa shi a harajin gaggawa, kashi 40 babu rangwame, da USC kashi 8. Daga nan a ƙiyasta abin da kowane aiki zai kawo a shekara, kafin cire komai, a raba geji da matakan USC bisa wannan ƙiyasi, a ajiye rangwame inda akwai harajin da zai cinye shi. Revenue za ta fitar da sabuwar takardar shaidar rangwame, ta kuma sabunta umarnin masu aikin biyu. Kowane mai aiki rabonsa kawai yake gani, ba ya ganin nawa ake biyanka a ɗaya wurin.

Bayan haka a duba takardar albashi ta gaba, kada a tsaya a kan abin da ya shigo banki. Idan umarnin ya zo a tsarin tarawa, wanda ke lissafi tun daga Janairu, wurin aiki na biyu zai mayar da rarar da aka cire a cikin albashi. Amma wanda ya ɗauke rangwamen da aikin farko ya riga ya yi amfani da shi, ya shirya ganin albashinsa na can ya ragu a biya na gaba. Idan kuwa umarnin ya zo a tsarin da ke ɗaukar kowane mako shi kaɗai, rarar baya sai ƙarshen shekara. Kuma duk lokacin da aka bar wani aiki, a koma a tabbata an rufe shi a myAccount, domin geji da rangwame kan maƙale a aikin da aka daina idan mai aikin bai kai ranar barinsa ba.

Kuɗin da aka riga aka cire fiye da ƙima ba su ɓata ba. Daga watan Janairu mutum yana iya cike bayanin harajin shekarar da ta wuce a myAccount, a ba shi takardar lissafin ƙarshe, a tura rarar asusunsa na banki. A nan ne kuma ake neman rangwamen haya, wanda ya fara daga 2022 kuma ya kai Yuro 1,000 ga mutum ɗaya a 2025, da kashi 20 na kuɗin asibiti da magani. Wa'adin shekara huɗu ne: kuɗin 2022 za su kuɓuce bayan 31 ga Disamba 2026. Wannan aiki kyauta ne, don haka ba mu ga dalilin miƙa wa kamfanonin da ke yankar kaso daga kuɗin mutum ba. Idan lissafi ya nuna ana binka, yawanci ana karɓa ne ta rage rangwamen shekaru masu zuwa.

Masu kai abinci ko wani aikin da ake biyansu ba tare da cire haraji ba su sani cewa wannan samu sai an bayyana shi. Idan ribarsa ta haura Yuro 5,000 a shekara, mutum ya shiga tsarin masu lissafa harajinsu da kansu, da takardar Form 11 wadda wa'adinta 31 ga Oktoba ne.

Muna kuma roƙon kowa ya duba izinin zamansa kafin ya karɓi aiki na biyu, domin daidaita haraji ba ya halatta aikin da izini bai yarda da shi ba. Ɗalibi mai izinin zaman karatu na Stamp 2 awa 20 yake da su a mako, a duk ayyukansa haɗe, sai awa 40 daga Yuni zuwa Satumba da kuma daga 15 ga Disamba zuwa 15 ga Janairu, kuma ba a yarda ya yi sana'ar kansa ba. Wanda ya shigo da takardar izinin aiki, izinin yana ɗauke da sunan mai aikin da aka ba shi dominsa. Dokar lokutan aiki ta 1997 kuma ta taƙaita matsakaicin aikin mako a awa 48, kuma ana haɗa awoyin wuraren biyu ne wajen wannan lissafi.

Wassalam.

Daga wasu masu aikin lissafin albashi da haraji,
Dublin, Ireland.