Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Lafiya na Kamaru: takarda ba ta shiga jijiya

Mai girma Minista, assalamu alaikum. Ni unguwarzoma ce da ta yi ritaya a Garwa, ba zan ja ka da dogon gaisuwa ba.

Makon jiya wani matashi a unguwarmu ya shigo mini da waya a hannu, yana tambaya ko gaskiya ne melatonin na warkar da gubar jini, wadda likitoci ke kira sefsis. Ɗansa ne kwance, kwana huɗu da haihuwa, cibiya ta kumbura, ya daina kama nono, jiki ya yi sanyi. Sun kai shi wata cibiyar lafiya da dare, aka rubuta alluran kashe ƙwayoyin cuta, ampisilin da jentamisin, aka ce babu su a ma'ajiya. Uban ya hau babur yana bin farmasi ɗaya bayan ɗaya, a tsakani yana neman ceto a intanet. Yaron bai ga asuba ba. Allah ya sa mai ceto ne.

Na amsa masa abin da na sani. Melatonin sinadari ne da wata ƙaramar halitta a cikin ƙwaƙwalwa ke fitarwa idan duhu ya yi, shi ya sa a Turai da Amurka ake shan ƙwayarsa don barci. Masu bincike sun sa masa ido saboda yana rage kumburi da ɓarnar da cuta ke yi wa gaɓoɓi. A 2001 likitoci a Mesina ta Italiya sun ba jarirai 10 masu sefsis, sakamakon ya ba da fata. Amma jarirai 10 ne, ranka ya daɗe, kuma a kan maganin kashe ƙwayoyin cuta aka ƙara musu shi, ba a madadinsa ba. Har yau bai shiga ƙa'idar jinyar sefsis ba. Ƙa'idar ita ce wadda ka fi ni sani: idan cutar ta yi tsanani, allurar kashe ƙwayoyin cuta ta shiga jiki cikin awa guda, a ɗaura ruwa, a nemo tushen cutar.

To ina awa gudan nan take a Arewacin Kamaru? A kan babur take ƙarewa.

Ku kuka kawo mana shek sante, wato takardar jinyar masu juna biyu, kuka ce mace ta biya sefa 6,000 an ɗauke mata awo, haihuwa, da jinyar jariri har kwana 42. Matar nan ta biya. Shek ɗin na nan cikin jakarta, tsaf, ko lanƙwasa bai yi ba, sai dai takarda ba ta shiga jijiya. A Afrilun 2023 kun ƙaddamar da shirin lafiya ga kowa a Manju, muka yi guɗa. A 2017 ƙasashen Hukumar Lafiya ta Duniya, har da Kamaru, sun amince da ƙuduri kan yaƙi da sefsis, cutar da aka ƙiyasta ta kashe mutum miliyan 11 a shekarar kaɗai. Alkawarin Abuja na 2001, kashi 15 na kasafi ga lafiya, wannan kam ba zan tayar da shi ba, kada in tsufa ina jira.

Don Allah, don darajar iyayenka, ka sa a duba ma'ajiyar kowace cibiya da ke karɓar haihuwa daga Ngaundere zuwa Kuseri. Ampisilin, jentamisin, seftriyakson, ruwan ɗaurawa, su kasance a hannun mai gadin dare, ba a kulle sai safe ba. Kloheksidin na goge cibiya ma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Shi kuwa melatonin, idan kuna ganin akwai alheri a cikinsa, ga reshen cibiyar binciken cututtuka ta Santar Pasto nan Garwa, ga tsangayar likitanci, a gwada shi bisa ƙa'ida. Kafin nan ku faɗa wa mutane a rediyo, da Hausa da Fulatanci, cewa jaririn da ya ƙi nono asibiti za a kai shi a daren, kuma ku tabbata idan sun je za su tarar da allurar.

Wassalam.

Unguwarzoma mai ritaya, Garwa