Wasiƙa a kan Asalin Sunan Arkwright

Zuwa ga aminina Malam Bashir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, na rubuto ne domin in amsa tambayarka game da asali da kuma ƙarancin sunan Arkwright, wanda ka ci karo da shi a tarihin masana'antun auduga na Ingila.

Asalinsa laƙabin sana'a ne. A Turancin da, kalmar ark tana nufin adaka, wato babban akwatin katako da ake ajiye gari ko hatsi a ciki, wright kuwa shi ne mai ƙera abu da hannunsa. Ke nan Arkwright na farko kafinta ne da aka san shi da yin adaka, kamar yadda mu ma muke cewa Audu Maƙeri, sai dai a can laƙabin ya zama gado. Manyan masu ƙasa ne suka fara gadon sunan gida bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066, sannan al'adar ta sauko kan talakawa sannu a hankali, har zuwa wajen 1400 yawancin gidaje suka tsaya a kan suna guda.

A ganina ƙarancin masu wannan suna daga sana'ar kanta ya samo asali. Babu ƙauyen da zai zauna ba maƙeri, shi ya sa sunan Smith, wato maƙeri, ya cika ƙasar, amma adaka ɗaya takan wuce daga uba zuwa jika, don haka masu yin ta ba su taɓa yawa ba. Sunan ya fi kafuwa a yankin Lancashire, arewa maso yammacin ƙasar.

A nan, a garin Preston, aka haifi Richard Arkwright a 1732. Da aski da yin hular gashi ya fara neman abinci a Bolton, kafin ya yi rajistar injin kaɗin auduga a 1769, ya kuma gina masana'antar da ruwa ke juyawa a Cromford a 1771. Ya rasu a 1792 da dukiya mai yawa, kuma saboda Richard ɗin ne duniya ta san sunan, ko da yake ina jin tausayin kakannin nasa masu adaka da ba a tunawa da su.

Idan za ka bi sawun gidan, ka fara da littattafan coci-coci na Lancashire, domin tun 1538 aka wajabta rubuta baftisma da aure da jana'iza a cikinsu.

Ka gaishe min da mutanen gida. Wassalam.

Naka,
Aminu