Wane Ne Sega, Ɗan Wace Unguwa Ne?

Aboabo, Kumasi

Abba,

Assalamu alaikum. Ya Ankara, babban birninmu na Ghana, ya mutanen Nima, ya aikin bautar ƙasa? Mu nan sai godiyar Allah.

Jiya bayan isha'i mamanka ta miƙo mini wayarta, ta ce in saurari abin da ɗana yake yi a zauren 'yan'uwa na WhatsApp. Sau biyu na saurari saƙon muryarka. Minti huɗu cur kana zazzaga wa ɗan baffanka masifa, wai maci amana ne, wai ba ruwanka da shi, don kawai ya sayar da PlayStation ɗinsa ya sayi Xbox. Ita ranta ya ɓaci ƙwarai. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, dariya ce ta fara kama ni, domin muryar da na ji tawa ce ta shekara talatin da suka wuce. Shi ya sa ban kira ka ba. A waya ni da kai ba ma barin juna mu kai aya.

Kai ka taso ka gan ni da PlayStation, kana tsammanin da ita aka haife ni. To, ni ɗan Sega ne, na gani-kashe-ni ma.

Da farko dai irin na kowa muka fara, na'urar nan ta jabu da aka kwaikwaya daga ta Nintendo, mai kaset ruwan ɗorawa da aka rubuta wasa 999 a jiki, alhali wasa shida ne ake ta maimaitawa. Idan ta ƙi tashi sai a zare kaset a hura masa iska, a goge da bakin riga, a mayar da bismilla. Sai a 1994 wani ƙanin kakarka ya dawo daga Jamus, irin waɗanda muke kira boga, ya sauke mana Mega Drive baƙa wuluk a tsakar gida. Ranar ko tuwo ban ci ba. Sonic yana gudu kamar an kunna masa wuta a gindi, ga kuma Mortal Kombat. A nan fitinar ta samo asali. A na'urar Sega, idan ka danna A, B, A, C, A, B, B kafin a fara, jini zai fito in an yi naushi. A ta Nintendo kuwa sun mayar da jinin wani abu toka-toka mai kama da gumi. Har yau haruffan nan bakwai suna kaina, ni da nake manta lambar wayar mamanka.

Aminina, wanda kuke kira Kawu mai shagon taya, shi Super Nintendo ce a gidansu. Wata rana a kan benci, gaban mai koko, na ce masa na'urarsu ta yara ce, ta masu tsoron jini. Ya ce tamu sautinta kamar ana jan gwangwani a kan kwalta. Magana ta yi magana, har na taɓo abin da bai kamata ba, na ambaci bashin da ake bin mahaifinsa. Azumi guda muka yi ba ma gaisawa. Sahu ɗaya a tarawihi, in ya tsaya dama in koma hagu.

Labari ya kai kunnen kakanka, wanda ka ci sunansa. Ka san shi fataken goro ne, bai san gem ba, bai kuma damu ya sani ba. Ranar jajiberin sallah ya tara mu a zaure, yana ware goro a kan ganye, fari gefe, ja gefe, bai ko ɗago kai ba. Ya ce me ya haɗa mu. Na ce, "Baba, Sega ya zaga." Ya ce, "Wane ne Sega? Ɗan wace unguwa ne?" Na ce kamfani ne a Japan. Ya ɗan yi shiru, ya jefa wani ruɓaɓɓen goro cikin kwando, sannan ya ce, "To in ka kwanta ciwo, shi zai zo dubiya ko wannan?" Ya nuna Kawu da haɓa. Shi ke nan shari'ar. Ya ba mu goro ɗaya ya ce mu raba.

Kada ka ɗauka na shiryu a ranar. Na shirya da Kawu, amma Sega na nan daram a zuciyata. Da PlayStation ta fara shigowa gem senta na Kumasi, na yi rantsuwa ba zan taɓa ta ba. Ina ce wa mutane masu yin rediyo da talabijin ne, me suka sani a harkar wasa? Ban san cewa ita kanta PlayStation ɗin 'yar saɓani ba ce. Sony da Nintendo sun yi yarjejeniya za su haɗa na'ura mai faifai. A watan Yuni na 1991 Sony ta fito bainar jama'a ta sanar, washegari Nintendo ta ce ita da Philips za ta yi. Wani injiniya, Ken Kutaragi, shi ya nace wa shugabanninsa a ci gaba ko babu Nintendo, har na'urar ta fito a Japan a Disambar 1994. Da za ta shiga Amurka a 1995, Sega ta sa wa Saturn ɗinta dala 399, Sony ta ce tata 299. Ka ga tun ran gini tun ran zane: alamar da kake wa ɗan'uwanka faɗa a kanta, daga warware alkawari tsakanin 'yan kasuwa biyu ta fito.

Abin da ya karya rantsuwata ƙwallo ce. Winning Eleven. Wani shago ne a Alabar, ɗaki ɗaya, talabijin uku, fanka ɗaya da ba ta juyawa, warin gumi kamar ya kayar da mutum. Doka ɗaya ce: wanda aka ci shi zai biya, ya kuma tashi. Mai sharhi yana ihu da Japananci, ba mai jin ko kalma, amma kowa ya haddace. Kowa kuma ya san dabarar ɗauko Roberto Carlos daga baya a kai shi gaba saboda gudu da ƙarfin ƙafa. Na fi wata biyu ina zagayawa ta bayan layi in shiga a ɓoye, kada 'yan unguwa su ce ɗan Sega ya tuba. Ranar da na ɗaga labule na tarar da Kawu zaune da fad, abin danne-dannen buga wasa, a hannu, shi ɗan Nintendo, ba wanda ya ce wa wani uffan. Ya matsa mini a benci kawai. Ya ci ni uku da nema, na biya.

Duk da haka da na ji Dreamcast, sabuwar na'urar Sega, ta fito, zuciyata ta sake harbawa. Na fara tara kuɗi a gwangwanin madara. Kafin gwangwani ya cika, a ƙarshen Janairun 2001, Sega ta sanar ta daina ƙera na'ura gaba ɗaya. Shekara ba ta cika zagayowa ba sai ga Sonic a kan na'urar Nintendo. Sonic fa! Wanda na ɓata azumi guda a kansa, ga shi ya tare a gidan abokan gaba hankali kwance. Su can sun duba littafin ciniki, sun ga asara, sun juya. Ba su yi laifi ba. Kakanka ma da kasuwar goro ta Legas ta daina biya, ai canza hanya ya yi.

Kuɗin gwangwanin nan su na cika na sayi PlayStation 2, na ƙara ta biyu da ta uku irinta, na buɗe shagon da ka yi rarrafe a cikinsa. Wannan na'ura kam ta yi mini rana. Da rana yara na buga ƙwallo, da dare a sa faifan DVD a kalli fim. An sayar da fiye da miliyan 150 a duniya, kuma na tabbata har yau akwai waɗanda ke aiki a zangunan Ghana, an ɗaure su da roba. A 2006, lokacin da Black Stars suka fara zuwa gasar cin kofin duniya, sai da na riƙa korar yara da tsintsiya in an kira sallah. Kuɗin sunanka daga nan suka fito.

Daga nan sai na zama kamar mai bin inuwa. PlayStation 3 ta fito a 2006 da farashin dala 499 da 599, na ce a kai kasuwa, na koma Xbox 360. Ita ma ta sha nata, matsalar jan zoben nan, alamar na'ura ta mutu, da ta sa mai ita Microsoft ta ware sama da dala biliyan ɗaya a 2007 ta kuma tsawaita garanti zuwa shekara uku. Tawa dai Allah ya tsare, ta yi shekaru lafiya. Sai 2013, da aka sanar da Xbox One, aka ce sai ta leƙa intanet sau ɗaya duk awa 24, aka kuma sa sharuɗɗa a kan aron faifai da sayar da na hannu. Ka tuna lokacin dumso ne, yawan ɗauke wutar nan, wutar ma sai an yi addu'a, balle intanet. Kuma mu nan aro shi ne rabin wasan: faifai ɗaya sai ya zaga Aboabo, ya leƙa Asawase, ya dawo da zane a baya. Sony ta saki ɗan bidiyo, manajanta ɗaya ya miƙa wa ɗaya faifai, ya ce ga yadda ake aro a wurinmu, ta kuma sa wa PlayStation 4 ɗinta dala 399, alhali Xbox One 499 ce. Microsoft ta janye sharuɗɗan cikin 'yan kwanaki, amma ni na riga na tafi. Wannan PlayStation 4 ita ka buɗe ido ka gani, har ka ɗauka addinin gidanmu ce.

Lissafa da kanka: Sega, Sony, Microsoft, Sony. Sau uku na sauya sheƙa. In ɗan baffanka maci amana ne, to ubanka shi ne limaminsu.

Kuma yanzu ma katangar da kuke faɗa a kanta masu ita suna rushe ta da hannunsu. Microsoft ta sayi Activision, kamfanin wasan Call of Duty, a 2023 a kan kusan dala biliyan 69, ta kuma sa hannu Call of Duty zai ci gaba da fita a PlayStation har shekara goma. Forza Horizon 5, wasan motar da 'yan Xbox ke taƙama da shi, ya shiga PlayStation 5 a 2025. God of War da Spider-Man na Sony suna kan kwamfuta tun 2022. Ko sunan FIFA da kuka taso da shi ya tafi, tun 2023 EA Sports FC ake cewa. Kai da shi kuna iya haɗuwa a wasanni da yawa ta intanet ko da na'urarku ba ɗaya ba ce. To faɗan na mene ne?

Ga wani abu da nake so ka duba da idonka. Ranar da ka buɗe asusunka na PlayStation, wace ƙasa ka zaɓa? Na san ba Ghana ba ce, domin ba ta cikin jerin. A duk Afirka, Afirka ta Kudu ce kawai. Adireshin wani gari ka ara a Amurka ko Ingila, kana sayen katin kuɗi a hannun yaran kasuwar wayoyi ta Sakul. Ban ce sun zalunce ka ba, kowa da inda kasuwarsa take. Amma ka ji tambayar kakanka ta dawo.

Yaron nan kuwa na san dalilinsa, don ya faɗa wa baffanka. Ya yi lissafi ya ga kuɗin faifai ɗaya sabo ya fi ƙarfinsa, ya ga da Game Pass zai biya na wata ya buga wasanni da yawa. Ko lissafinsa ya yi daidai ko bai yi ba, aljihunsa ne. Kai ma ai na ji kana tara alawus ɗinka don sayen PlayStation 5. Ban hana ka ba, ni ne na ƙarshe da zai iya hana wani. Amma kada ka ci bashi a kanta, musamman bashin manhajojin waya masu kiran duk lambar da ke wayarka in ka makara. Ka sayi mai ramin faifai, ko da ta fi tsada kaɗan. Abin da ka saya ta intanet ba ka iya ba da aronsa, ba ka iya sayar da shi ranar da ka matsu, kuma shagon yana iya rufewa, kamar yadda Nintendo ta rufe na 3DS da Wii U a 2023. Ka rabu da PlayStation 5 Pro ɗin nan da ta fito a kan dala 699 a 2024, wadda ko ramin faifan ba ta zo da shi ba. Talabijin ɗin ɗakinka ba zai nuna maka bambancin ba. Kafin komai ka sayi sitabilaiza mai kyau. Na'urata ɗaya ta shago haka ta tafi, wuta ta dawo da ƙarfi da tsakar dare, da safe sai ƙauri. In kuma ka ga ka fara haɗa la'asar da magariba saboda "saura wasa ɗaya", to ka san abin ya fara hawa kanka. Na san wannan wasa ɗayan, na sha buga shi har asuba.

Saƙon nan ka goge shi daga zauren, gwaggwanninka duk sun ji. Sannan ka kira shi, kira na murya, kada ka tura masa 'yar fuskar dariya ka ce an wuce wurin. Kalmar amana mai nauyi ce, Abba. Yaron da ya kwana uku a kan benci a asibiti lokacin da ka karye ba da ita za a jefe shi ba.

Da babbar sallah ku taho tare. PlayStation 2 ɗina tana cikin akwati ƙarƙashin gado, na gwada ta makon jiya, tana tashi in an kifa ta. Memori ɗin ma yana nan, da 'yan wasana Castolo da Minanda da kofunana. Fad ɗaya maɓallinsa na gudu ya mutu, wanda ya zo a makare shi zai riƙe shi. Na faɗa wa Kawu, ya ce zai rufe shago da wuri, wai har yanzu ina cin bashin uku da nema.

Mamanka ta ba direban da ka sani yaji da shito, ka je tasha ranar Asabar ka karɓa. Ka gaishe da mai gidan da kake zaune.

Mahaifinka