Rahoton Sakatare Kan Ayyukan Ƙungiya Na Shekarar 2024

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu 'yan kwamitin amintattu, Malam Shugaba, Hajiya shugabar mata, da sauran 'yan uwa membobi, barkanmu da ganin ƙarshen wannan shekara. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya a cikinta, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Da kuɗin wata zan fara, domin duk aikin da za ku ji na ce bai kammala ba, daga nan ciwonsa ya taso. Cikin sunayen da ke rajista, waɗanda suka biya wata goma sha biyu cif ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Akwai wanda rabonsa da biya tun kafin azumi, akwai kuma wanda tun ranar da ya karɓi katin shaida ba a sake ganin ƙeyarsa ba. Na san halin da ake ciki. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya yi tashin gwauron zabi, har litar fetur ta haura naira 1,000 a watan Oktoban bana. Babu mai musun wannan. Amma ku buɗe littafin ma'aji ku gani: masu biya a kan lokaci su ne 'yan uwanmu masu tuƙa adaidaita sahu, da malaman firamare, da iyayenmu mata masu sana'ar cikin gida. Masu shaguna da masu ofis su ne ake bi da saƙo a WhatsApp, alamar an karanta ta fito, amsa kuwa shiru. Ni da ma'aji ba albashi muke karɓa ba, kuma katin wayar da muke kiran mutane da shi daga aljihunmu yake fita. Mun gaji da zama kamar masu bin bashi a gidajen 'yan uwanmu.

Taron wata-wata ya gudana yadda aka saba, ban da na Agusta da dokar hana fita ta hana bayan zanga-zangar tsadar rayuwa.

Aikin allunan ƙofofi shi ne aka fi yi mana ƙorafi a kai, don haka zan tsaya a kansa. A taron bara aka amince a kafa allon bayani, da Hausar boko da ajami da Turanci, a ƙofofi huɗu na ganuwar Kano: Ƙofar Mata, Ƙofar Na'isa, Ƙofar Kabuga da Ƙofar Ɗan Agundi. Kwamitin tarihi ya gama nasa tun kafin ƙaramar Sallah. Rubutun yana nan, malamai sun duba shi sun gyara. Ya faro daga Sarki Gijimasu da ya soma ganuwar a farkon ƙarni na 12, ya zo kan faɗaɗawar da aka yi zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya kawo marinar Ƙofar Mata da ake lissafa kafuwarta daga 1498, har zuwa shigowar sojojin Turawa a 1903. Abu biyu suka tsayar da mu. Na farko, ganuwa tana cikin kayan tarihin ƙasa da doka ta kare, ba wanda zai zo ya haƙa rami ya kafa ƙarfe a gindinta ba tare da izini a rubuce ba. Mun kai takarda inda ya kamata, muna jiran amsa. Na biyu, farashin da mai walda ya ba mu a watan Janairu, kafin mu tara rabinsa ya kusa ninkawa. Da an biya kuɗin wata a kan kari, da mun sayi ƙarfen mun ajiye tun yana da sauƙi. Masu cewa kwamiti ya yi barci su zo su karɓi fayil ɗin su karanta.

Abin da ya fi allunan ciwo shi ne ganuwar kanta. Duk wanda ya bi titin da ya tashi daga Ɗan Agundi ya wuce Na'isa zuwa Gadon Ƙaya ya san abin da nake nufi. A wani wurin damina ta zaftare ta, a wani wurin an ɗebi ƙasarta an yi bulo, a wani wurin kuma shaguna ne suka hau kanta ko aka mai da gindinta juji. Tun 2007 sunanta ke cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa hukumar UNESCO don neman a sa su cikin kayan tarihin duniya, alhali kullum raguwa take yi. A farkon wannan wata na Disamba UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin al'adun duniya da ake karewa. Mun yi murna ƙwarai, duk da cewa bana ba a yi hawan Babbar Sallah ba saboda rikicin masarauta. A ganina wannan karramawa nauyi ta ƙara mana, domin baƙin da za su zo kallon dawaki za su tambayi ganuwa.

Sharar matakalar Dutsen Dala da muka saba yi kafin Takutaha, bikin da jama'a ke hawa dutsen bayan Mauludi, ta yiwu, amma da ƙyar. Sunaye sun cika takarda, waɗanda suka fito da tsintsiya da shebur kuwa sai da yaran unguwa suka kama musu sannan aka kai sama.

Sai abin da ya faranta mana rai bana. A ranar 10 ga Satumba madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle cikin dare, kogin Ngadda ya tumbatsa ya shiga Maiduguri mutane suna barci. Ruwa ya mamaye Gwange da Fori, ya shiga fadar Shehun Borno da Kasuwar Monday da asibitin koyarwa na jami'a, har gidan namun daji bai tsira ba. Mutum kusan 400,000 suka bar gidajensu, aka sake buɗe sansanin Bakassi da aka rufe a baya. Rabon garin da irin wannan tun 1994, kuma da yawa daga cikin waɗanda abin ya shafa ba su daɗe da fara farfaɗowa daga gudun hijirar Boko Haram ba. Asusunmu a lokacin ko buhun shinkafa goma ba zai saya ba. A taron gaggawa ne Hajiya shugabar mata ta ce tunda muna da kwamitin kiɗa da waƙa, kuma makaɗan nan mutanenmu ne, a haɗa dare ɗaya na kiɗan gargajiya, abin da aka samu a kai Borno.

Cikin mako uku aka shirya komai. Mun sami harabar makaranta kyauta, mai unguwa ya sa mana albarka, aka sanar da hukuma, aka ware wurin zaman mata daban, aka kuma yi alkawarin tashi ƙarfe goma. Babu makaɗin da ya nemi ko sisi. Kuɗin mota kaɗai muka ba su, wasu ma suka mayar da shi cikin gudummawa. Kwamiti ya hana liƙi, saboda a daina tattaka kuɗi a ƙasa kuma a san abin da ya shigo. Aka shimfiɗa tabarma gaban makaɗa aka ɗora faifai, kowa ya zo ya ajiye nasa, mai POS yana gefe don waɗanda ba su riƙo tsaba ba.

'Yan algaita ne suka buɗe fili bayan sallar isha'i, sai mai gurmi, sai wani saurayi mai kukuma da ya yi waƙar ta'aziyya ga mutanen Borno har wuri ya yi tsit. Da iyayenmu masu kiɗan ƙwarya suka zauna, aka kawo musu baho da ruwa aka kifa ƙwarya a kai, sai ɓangaren mata ya rikice da guɗa. Uwar waƙar tana kiran sunayen unguwanni ɗaya bayan ɗaya, Yakasai, Fagge, Mandawari, Gwammaja, duk unguwar da ta ambata matanta su taso a jere su nufi faifai. Na ga wata tsohuwa ta kwance bakin zanenta ta zazzage abin da ke ciki gaba ɗaya, ba ta ko ƙirga ba. Amma inda daren ya kai ƙarshen daɗi shi ne lokacin kalangu. Dattijon makaɗin ya matse tsarkiya a hammata, ya sassauta, ya sake matsewa, ya buga taken mahauta. Wani tsohon mahauci da aka kawo a bayan babur, wanda tun farkon dare bai motsa daga kujerarsa ba, ya miƙe ya dogara sanda ya yi kirari da muryar da ba wanda ya zata yana da ita. Yaransa na kwata suka biyo shi, faifai ya cika, aka juye, ya sake cika. Yara da dama a wurin ba su taɓa ganin kalangu ido da ido ba sai a waya, kuma har aka tashi suna kewaye da makaɗin suna roƙon ya bari su taɓa.

Abin da aka tara a daren nan ya fi kuɗin watan da aka biya a shekarar gaba ɗaya. Lissafin dalla-dalla yana cikin takardar ma'aji, da rasit ɗin kowane saye. Bayan kuɗi, 'yan kasuwar Kantin Kwari sun ba da atamfa da barguna, na Singa sun ba da taliya da sabulu, wani bawan Allah a Dawanau ya aiko da buhunan gero da masara ya ce kada a faɗi sunansa. Mun ƙara da tabarmi da gidan sauro, domin zazzaɓin cizon sauro ne ke biyo bayan ambaliya. Wakilanmu suka bi motar ta Wudil da Azare da Potiskum, suka kwana a Damaturu saboda ba a bin sauran hanyar da dare, suka miƙa kayan hannu da hannu ta wajen masu unguwanni. Masu tambayar dalilin da kuɗin mota ya yi yawa su tuna da farashin man dizal, su kuma tuna cewa damina ta lalata hanyar a yankin Katagum. Allah ya saka wa makaɗa da duk wanda ya kawo ko tsinke da alheri.

Ba a yi mako biyu da dawowarsu ba sai ga gobarar tankar mai a garin Majiya, ƙaramar hukumar Taura ta jihar Jigawa, a daren 15 ga Oktoba, inda mutum sama da 150 suka rasu tun a kwanakin farko. An kawo wasu da suka ƙone asibitocin Kano. Ba mu iya yin komai da sunan ƙungiya ba sai ta'aziyya da dubiya, da 'yan matasanmu da suka je suka ba da jini. Wasu sun ce don me ba a rage wani abu daga kuɗin Borno ba. Kuɗin da aka karɓa da sunan Borno amana ce ta Borno, ba mu da ikon karkatar da ita. Wanda ya kamata ya ɗauki irin wannan shi ne asusun gaggawa, shi kuwa daga kuɗin wata ake cire shi.

Ɗaukar muryoyin tsofaffin makaɗa ma ya tsaya a rabi. An ɗauki hira da wasa da mutum biyu, sai ɗaukewar wutar da ta jefa yawancin Arewa cikin duhu fiye da mako guda a ƙarshen Oktoba ta zo, ɗakin ɗaukar da ke yi mana rangwame ya ce sai mun sayi man janareta. Ba mu da shi. Ɗaya daga cikin dattawan da ke cikin jerinmu yanzu yana kwance, ana neman addu'arku.

Kwamitin zartarwa zai gabatar da shawara biyu a babban taro. Duk wanda ake bi wata shida ba tare da ya kawo uzuri ba, ba zai yi zaɓe ba kuma ba za a zaɓe shi ba har sai ya biya. Wanda yake cikin matsi na gaskiya ya samu ma'aji a asirce, za a yafe masa, ba wanda zai ji. Sannan daren kiɗa ya zama na kowace shekara bayan damina, a raba abin da aka samu tsakanin asusun gaggawa da aikin ƙofofi. Muna kuma neman mutum biyu da za su karɓi aikin bin kuɗin wata daga hannuna da na ma'aji, ɗaya daga cikin birni, ɗaya daga waje.

Taron zai kasance Lahadin farko ta watan Janairu bayan la'asar, a inda muka saba. Kowa ya zo da katinsa da abin da ake bin sa.

Wassalam.
Sakatare