Zazzaɓin Kwana Uku Da Ya Hana Ɗan Ƙanwata Ji

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in yi magana da 'yan'uwana iyaye, musamman na ƙasar Daura, game da allurar rigakafin ƙyanda da rubela wadda aka fara yi wa yara 'yan wata 9 zuwa shekara 14 a watan Oktoba na 2025. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, na ga gidajen da aka ɓoye 'yan mata a ɗaka ranar da ma'aikatan lafiya suka shigo unguwarmu, kuma da na tambayi wani magidanci dalili, sai ya ce da ni ƙyanda dai ya san ta, amma bai taɓa ganin wanda rubela ta kashe ba. Bai yi ƙarya ba, domin da wuya ta kwantar da yaro ko babba. Ɓarnarta tana aukuwa ne a inda ido ba ya kaiwa, wato cikin mahaifar mace mai ƙaramin ciki, kuma mu a gidanmu mun ɗanɗana kuɗarta.

Ƙanwata ta haifi ɗanta na fari lafiya lau a ganinmu, aka yi suna aka watse. Yaron ba shi da rigima, yakan yi barci ko ana daka a tsakar gida, har mata suna yi mata barka da samun ɗa mai haƙuri. Wata rana yana da wata bakwai, yana zaune a tabarma ya ba ni baya, sai faranti ya kuɓuce mini ya faɗi a kan siminti. Kaji suka tarwatse, 'yar maƙwabta da ke goye ta tsala ihu, shi kuwa ko waiwayowa bai yi ba, ya ci gaba da wasa da murfin kwano. Nan take gabana ya faɗi. Da na ɗauke shi na kai shi haske, sai na lura da wani ɗan fari a tsakiyar ƙwayar idonsa na hagu, kamar an ɗiga nono.

Daga nan kowa ya kawo nasa. Wasu suka ce uwar ta yi gamo ne da take da ciki saboda fitar magariba, wasu suka ce sammu ne, dattawa kuma suka ce a ƙyale shi, ɗa namiji bai cika saurin magana ba. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an kashe kuɗi, ita kuwa uwar tana ta ramewa saboda laifin da aka ɗora mata. Sai da yaron ya kusa shekara biyu muka kai shi wani asibiti a Katsina, inda likita ya duba kunne da ido da ƙirji, sannan ya yi mata tambayar da ba wanda ya taɓa yi: ko ta yi ɗan zazzaɓi da ƙuraje a farkon cikin? Ta yi shiru can, sannan ta tuna cewa a wata na biyu wasu ƙananan jajayen ƙuraje sun feso mata daga fuska zuwa jiki, da kaluluwa a bayan kunne, suka baje cikin kwana uku. Ta ɗauka ƙurajen zafi ne tunda bazara ake, kuma a lokacin kunyar cikin fari ba ta bari ta gaya wa kowa tana da juna biyu ba. Likitan ya ce mafi rinjayen zato rubela ce.

Tun daga ranar na shiga bin diddigin wannan cuta. Ƙwayar bairos ce da ke yaɗuwa ta tari da atishawa, kuma da yawa cikin masu kamuwa ba sa ganin alama ko ɗaya. Idan ta sami mace a farkon ciki, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yiwuwar ta kai ga ɗan tayi yakan kai kashi 90 cikin 100, a daidai makonnin da ake halittar kunne da ido da zuciya da ƙwaƙwalwa. Abin da kan biyo baya shi ne ɓari, ko haihuwar ɗa ba rai, ko kurumta, da yanar ido, da ciwon zuciya, da jinkirin zama da tafiya da fahimta. Wani likitan ido a Ostireliya mai suna Norman Gregg ne ya fara gano wannan alaƙa a 1941, bayan ya ga jarirai masu yanar ido sun yawaita. A Amurka, annobar 1964 zuwa 1965 ta bar jarirai kusan 20,000 da irin wannan naƙasa, kuma a 1969 aka samu allurar rigakafinta. Fiye da shekara hamsin ke nan ana amfani da ita a duniya kafin ta iso ƙofar gidajenmu kyauta, ga shi kuma muna rufe ƙofa.

Ya kamata in faɗi cewa ba kowace kurumta ko tawayar ƙwaƙwalwa ce ke fitowa daga nan ba; sanƙarau da shawarar jarirai da doguwar naƙuda duk suna da nasu kason. Akwai kuma wata ƙwayar da likitoci ke kira CMV, wadda har yanzu ba ta da allura, tana cikin yawu da fitsarin ƙananan yara, ita ma tana iya taɓa jin jariri da ƙwaƙwalwarsa tun yana ciki. Ita kam kariyarta a hannun mai ciki take: ta wanke hannu da sabulu bayan ta yi wa yaro tsarki ko ta share masa majina, ta daina cin ragowarsa da cokali ɗaya, ta sumbace shi a goshi maimakon baki.

Inda abin ya fi damuna shi ne al'adarmu ta ɓoye ciki. Mace ba ta zuwa awo sai ciki ya fito ya kai wata biyar ko shida, alhali wata ukun farko su ne lokacin haɗari, kuma allurar rubela ba a yi wa mai ciki. Ashe ke nan tun tana yarinya ake kare ɗan da za ta haifa, yaran maza kuma ana yi musu ne don kada su kwaso cutar daga makaranta su kawo wa uwa ko matar yaya. Mai tsoron cewa allura za ta hana 'yarsa haihuwa, ya sani cutar da yake ƙin a yi mata rigakafi ita ce ke zubar da ciki.

Ina kira ga hukumar kula da lafiya a matakin farko ta Jihar Katsina da ta dubi 'yan matan da suka haura shekara 14, waɗanda gangamin bai haɗa da su ba, su ne kuwa ake shirin kaiwa ɗakin miji. Tunda iyaye da yawa sun karɓi gwajin jini kafin ɗaurin aure, ba zai yi wuya a haɗa da tambayar rigakafin rubela ba. Limamai da masu unguwanni da ungozomomi su ma su riƙa faɗa wa jama'a cewa jaririn da ba ya firgita da ƙara, ko mai fari a ido, asibiti ya kamata a nufa da shi a makon, domin yanar idon jariri da wuri ake cire ta kafin ganin ya lalace.

Ɗan ƙanwata yanzu shekararsa tara, idonsa na hagu ba ya gani, da maganar hannu muke zance da shi, kuma muna shirin kai shi makarantar kurame ta Malumfashi duk da nisanta daga Daura. Ranar da masu allura suka zo, uwarsa da kanta ta riƙo hannun ƙannensa mata biyu ta kai su ƙofar gidan mai unguwa, shi kuma yana biye da su yana riƙe da katinsu.

Wassalam.

Wata malamar firamare,
Daura, Jihar Katsina.