Takardar Koke Ga Mai Martaba Lamdon Gashaka Kan Tsohon Sansanin Jamus

Zuwa ga Mai Martaba Lamdon Gashaka,
Fadar Lamdo, Serti,
Jihar Taraba.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya ja zamanin Lamdo, ya ƙara wa sarki lafiya. Bayan gaisuwa da biyayya, mu talakawanka, malaman makaranta da matasa da wasu dattawan Serti da ƙauyen Gashaka, mun kawo kuka kan tsohon sansanin sojan Jamus da ke kan dutsen Gashaka, cikin gandun dajin Gashaka-Gumti. Ginin yana zubewa, kuma in damina ta ci gaba da dukansa a haka, nan gaba kaɗan sai dai labari.

Ranka ya daɗe, ka fi mu sani cewa ƙasar Gashaka tana cikin Kamarun Jamus har zuwa yaƙin duniya na farko, lokacin da Ingila da Faransa suka gama korar Jamusawa a 1916. Muka koma hannun Turawan Ingila, har ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 ta shigar da mu Nijeriya, aka sa wa yankin suna Lardin Sardauna. Yaranmu suna haddace wannan don jarrabawa, ga kuwa shaidarsa tsaye cikin masarautarsu, yawancinsu ba su taɓa sa ta a ido ba. Akwai masu cewa kayan Nasara ne, ina ruwanmu. Mu ba haka muka gani ba. Jamusawan su nawa ne duka-duka? 'Yan ƙasa ne suka yi dakon duwatsun nan zuwa kan tudu, a zamanin da aikin tilas ya zama ruwan dare. Gumin kakanninmu ne a jikin bangon.

Waɗanda suka hau daga cikinmu bayan ɗaukewar ruwa, da rakiyar masu gadin daji, sun dawo rai a ɓace. Ciyawa ta shanye mutum, sai da adda ake gane hanya. Saiwar itace ta kutsa tsakanin duwatsu tana buɗa bango a hankali, gwaggon biri kuma yana birkita waɗanda suka faɗo wajen neman ƙwari. Wani baƙo ma ya rubuta sunansa da gawayi. In rani ya yi, wutar daji ta bi ta kai.

Mun san daji na da doka. Tun 1991 da aka haɗe gandun Gashaka da na Gumti, babu gandun ƙasa da ya kai shi girma a Nijeriya, cikinsa biri mai ganga yake, cikinsa kuma dutsen Chappal Waddi yake mai tsayin mita 2,419. Saboda haka ba titi muke nema ba, ba rumfunan kasuwa ba, ba kuma mu yarda a kori ko dabba ɗaya ba.

Roƙonmu shi ne Lamdo ya yi magana da hukumar gandun, a ba matasanmu izinin share gewayen ginin da hannu kafin lokacin ƙuna, ƙarƙashin kulawar masu gadi. Aikin gayya za mu yi, ba ma neman ko sisi. Muna kuma roƙon fada ta rubuta wa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta turo masana su duba bangon, domin muna tsoron mai kyakkyawar niyya ya zo ya shafe shi da siminti ya ɓata shi gaba ɗaya. A kafa allo da Hausa da Fulatanci da Turanci, a kuma sassauta wa 'yan makaranta kuɗin shiga.

Abin da ya fi gaggawa shi ne dattawa. Akwai waɗanda suka ji labarin zamanin Jamus daga bakin iyaye da kakanni, kuma kullum raguwa suke yi. In Lamdo ya umarci hakimai da dagatai su tara mana su, malamanmu a shirye suke su ɗauki muryoyinsu su rubuta, a ajiye kwafi a fada.

Allah ya taimaki Lamdo, ya zaunar da ƙasar Gashaka lafiya.

Mu ne talakawanka,
Malamai, matasa da dattawan Serti da Gashaka.