Tisafanis, Gwamnan Da Ya Yi Yaƙi Da Albashi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon fili a wannan jarida mai farin jini don mu tuna wa ɗaliban tarihi wani mutum da ake tsallakewa. In aka zo batun Farisa da Girkawa, sai a tsaya kan yaƙoƙin Maraton da Salamis kawai, inda Girkawa suka ci Farisa, alhali abin da Farisa ta kasa samu da takobi ta dawo ta nema da kuɗi, ta hannun Tisafanis, gwamnan Farisa a birnin Sardis, a yammacin Turkiyya ta yau.

A shekarar 412 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ya ƙulla yarjejeniya da Isbarta, birnin Girkawa da ke yaƙi da ɗan'uwansa birnin Atina, kan zai biya matuƙan jiragenta. Ga lissafin: jirgin yaƙi ɗaya yana ɗaukar mutum kusan 200, kowanne dirakma (kuɗin azurfar Girkawa) ɗaya a rana, wato dirakma 6,000 a wata. Sai Alsibiyadis, ɗan Atina da ya gudo wurinsa, ya ba shi shawarar ya rage kuɗin zuwa rabi, obol 3 maimakon obol 6 da ke cikin dirakma ɗaya, kuma ya riƙa jan ƙafa wajen biya, don ɓangarorin biyu su gajiyar da juna. A 411 ya kawo jiragen yaƙi 147 na Finisiya (yankin Lebanon ta yau, a ƙarƙashin Farisa) har garin Asfendos a kudancin Turkiyya ta yau, amma ya ƙi haɗa su da na Isbarta.

A ganinmu nan ya yi kuskure, domin ba shi kaɗai ke riƙe da baitulmali ba. Da matuƙa suka gaji da gafara sa ba su ga ƙaho ba, rundunar Isbarta ta koma wajen abokin hamayyarsa, Fanabazus, wani gwamnan Farisa. A 407 Sarkin Farisa Dariyus na Biyu ya turo ɗansa Sairus ya karɓi ragama. Sairus ya ɗaga albashi zuwa obol 4, yana biya a kan kari, kuma a 404 Atina ta miƙa wuya.

Tauraron Tisafanis ya sake haskawa a 401, da ya tsaya wa Sarki Atazakzis na Biyu a yaƙin Kunaksa, inda aka kashe Sairus, ƙanen sarkin, wanda ya yi masa tawaye da taimakon sojojin haya Girkawa. Bayan nan ya gayyato kwamandojin Girkawa tantinsa da sunan sulhu, ya kame su, cin amanar da ba mu ga hujjar wanke ta ba. A 395 Sarki Agesilawus na Isbarta ya ci rundunarsa kusa da Sardis, sarkin Farisa ya aiko bafadensa Titraustis aka fille wa Tisafanis kai a garin Kolosi. Uwar sarki, Farisatis, ba ta taɓa yafe masa jinin ɗanta Sairus ba.

Naku,
Wasu malaman tarihi,
Unguwar Rimi, Kaduna.